Kitson da Bai Je Toledo Ba

"Zauna, Nube. Yau ba faɗa na kira ki mu yi ba, ciniki za mu yi."

Doña Eulalia ce ta faɗi haka tana zuba kofi a falonta na sama, wanda tagarsa ke kallon kogin Tomebamba. An daɗe ɗanta Joaquín yana roƙon ta yarda ya auri Nube, ita kuwa tana cewa sai dai bayan ranta. Laifin yarinyar guda ne. Uwarta masaƙiyar malafa ce daga garin Sígsig, irin matan da marigayi mijin Doña Eulalia ya yi arziki da sayen malafunsu yana aikawa ƙasashen waje. Nube a babban shagon gidan take aiki, a nan birnin Cuenca, tana sayar wa baƙi malafa. Can ɗan gida ya gan ta, ya kasa sauke ido.

Nube ta ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran a ce mata tashi.

"Na gaji da ganin ɗana yana cin abincina kamar mai shan magani," in ji matar. "Ki aure shi. Amma ba a garin nan ba, inda kowace mai baki za ta zo coci don ta samu abin faɗi. A Toledo za a ɗaura, can ƙasar Sifen, a ƙaramar cocin da aka yi wa kakan kakana baftisma. Jirgi da masauki da furanni da riga, duk a wuyana."

Nube ta ajiye kofinta. "Mamata fa, Doña Eulalia?"

"Uwar amarya ce, wa zai hana ta? Sai dai dangina na Madrid za su zo. Ba za ta shigar mini coci da polera ba, wannan ƙaton siket da suke ja kamar tanti. Ba malafa. Ba kitson nan guda biyu yana reto a baya. Ta zo a matsayin mace kamar kowace mace, na rana ɗaya. In ta yarda, na yarda."

Nube ta tuna daren da ta kwana kuka, ta tuna shekarunta suna dosar talatin, ta tuna Joaquín. Ta ce a ranta, tufa ce kawai, kuma rana ɗaya ce.

"Za ta yarda," ta ce.

Suka yi musabaha. Hannun matar sanyi ƙalau.

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san mugun ciniki bai kai wanda ka sayar da abin da ba naka ba. Amma mai so ba ya jin irin wannan magana, ko da a kunne aka busa masa ita.

Da yamma Joaquín ya same ta a tsakar gidan da ke bayan shago, inda ake shanya malafu bayan an wanke su. Ya ɗaga ta sama har takalminta ya fita, ma'aikata suna dariya.

"Sauke ni, mahaukaci, ana kallonmu."

"Su kalla su ƙoshi. Zo ki ga garinmu."

Ya fito da waya yana nuna mata hotuna. Birni ne bisa dutse, kogi ya kewaye shi kamar ɗamara, ganuwa da hasumiyoyi duk launin zuma.

"Kin ga lungun nan? Mutum biyu ba sa wucewa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Ko kina fushi da ni, dole ki raɓe ni. Daga coci mu haye gadar can zuwa lambun zaitun, a ci a sha, rana tana faɗuwa a kan ganuwa. Washegari tun kafin Mamá ta farka mu sulale, jirgin ƙasa ya kai mu Sevilla, daga ni sai ke."

Nube ta kwantar da kai a kafaɗarsa. "Ka san sharaɗin da ta sa?"

Yatsansa ya tsaya a kan hoton. "Na sani."

"Ina jin nauyin faɗa wa Mamita."

"Ki faɗa mata a hankali. In ta ce ba za ta iya ba, kada ki matsa mata, Nube tawa. Tsohuwa ce, tafiyar kuma da nisa. Mu dawo mu yi mata nata bikin a Sígsig, a gasa ɓeran Masar, naman bikin garinku, har unguwa ta ƙoshi."

Ta ɗauki wannan a matsayin tausayi. Har ta ƙara son sa saboda shi.

Ran Lahadi ta nufi gida. A tasha ta ci karo da Wilmer da a-kori-kurarsa. Wilmer ɗan maƙwabtansu ne, ya yi shekaru yana aikin gini a New York, ya dawo ya tayar da bene mai hawa uku wanda shi kaɗai ke kwana a ciki. Sau biyu yana neman aurenta, sau biyu tana cewa ya yi haƙuri.

"Amaryar Sifen, shigo in rage miki hanya. Ko sai na shimfiɗa miki darduma?"

"Labari har ya iso?"

"Ya riga ki. Uwarki ta gaya wa kaji, kaji sun gaya wa gari." Ya tuƙa na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ni ban yi karatu ba, amma na yi wa masu kuɗi aiki. In suka ce a kai biki nesa, akwai wanda ba sa so ya zo."

"Hassada ce ke damun ka."

"Ita ma akwai," ya ce. "Ban musa ba."

Nube ta tarar da uwarta, Mama Zoila, zaune a bakin ƙofa, farar malafa a ka, polera ja mai surfani a baki ta baje a kan tabarma. Kitsonta biyu sun sauko har ƙugu, baƙi wuluk, furfura 'yar kaɗan. Tun tana budurwa almakashi bai taɓa gashin nan ba. Marigayi mijinta yakan ce ko a cikin taron kasuwa, daga baya yake gane matarsa.

A cinyarta akwai malafar da take saƙawa da zare siriri kamar gashin jariri. Watanni ke nan tana kanta, da sanyin safiya kawai, don kada zafi ya karya zaren.

"Ta angonki ce," ta ce. "Tun kafin uwarsa ta yarda na fara. Na san Allah ba zai bar hawayenki ya zube a banza ba. Kuma na je wajen mai ɗinki, za a yi mini sabuwar polera ta karan-miski. Mutanen Toledo za su san daga inda kika fito."

Nube ta ci dafaffiyar masara, ba ta ji ɗanɗanonta ba. Sau uku tana buɗe baki tana rufewa. Sai da ta ɗauki jaka za ta tafi sannan maganar ta fito, a karkace.

"Mamita, can fa matan ba sa sa irin kayanmu. Doña Eulalia ta ce... ta ce gara kowa ya zama iri ɗaya, saboda hoto. Doguwar riga kawai. A ajiye malafa. Gashin kuma a gyara shi irin na matan birni. Rana ɗaya ce."

Yatsun tsohuwar suka tsaya a kan saƙa.

"Ita ta ce, ko ke?"

"Ita ce, Mamita."

"In ban yi ba fa?"

Nube ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan jakarta.

Mama Zoila ta daɗe tana kallon ta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta yi mata alamar gicciye a goshi kamar kullum.

"Je ki, 'yata, kada mota ta bar ki."

Ran Asabar aka kira mai ɗinki gidan Doña Eulalia don gwajin rigar amarya. Nube tana tsaye gaban madubi cikin farin leshi, allurai a kafaɗa, uwar miji tana zagaya ta tana cewa a ɗage nan, a sauke can. Joaquín yana ƙasa, an hana shi hawowa, don ango ba ya ganin riga kafin ranar coci.

Mai aiki ta leƙo ta ce akwai wata mata a ƙofa, ta ce ita uwar amarya ce.

Nube ta tuɓe rigar da sauri ta sauko. A tsakar gida ta ga wata 'yar tsohuwa cikin doguwar riga ruwan toka wadda ta yi mata yawa a kafaɗa, da takalmi mai tsini da take takawa kamar mai tafiya kan ƙaya. Ta duba bayan matar tana neman uwarta.

"Ni ce, 'yata."

Kan ba malafa. Gashin an datse shi daidai kunne, an lanƙwasa shi da ƙarfe mai zafi. Wuyan da rana ba ta taɓa gani ba ya fito fili, siriri, fari.

Nube ta dafa ginshiƙi.

"Mamita, ina kitsonki?"

"Kin ce irin na matan birni. Na tuna kan Doña Eulalia, na gaya wa mai gyaran gashi ta yi mini irinsa." Ta shafa ƙeyarta kamar mai jin kunya. "Kaina ya yi sakayau, sai nake ji kamar iska za ta ɗauke ni. Na zo ne in fara koyon takalmin tun yanzu, kada in faɗi a gaban mutanen Madrid in ba ki kunya."

"Naɗewa nake nufi, Mamita. A naɗe shi sama kawai."

"To, ai ba ki ce ba. Kada ki damu, bai tafi a banza ba. Na kai shi coci na ba Fada, limamin cocin, za a sa wa Uwarmu Maryama a kan mutum-mutuminta. Na durƙusa na ce mata, ga gashina, ki riƙe mini auren 'yata."

A lokacin Doña Eulalia ta sauko, Joaquín kuma ya fito daga falon ƙasa. Mama Zoila ta rusuna ta gaishe su, ta buɗe ƙyallen da ke hannunta, ta miƙa wa saurayin malafar, fara tas, an gama ta har baki.

"Ga taka, Don Joaquín. An ce rana tana da zafi a Toledo."

Bai miƙa hannu ba. Idonsa yana kan wuyan tsohuwar.

Doña Eulalia mace ce mai riƙe harshe, amma ranar harshen ya kuɓuce mata. Ta juya ga ɗanta, fuskarta ta yi fari.

"Kai ka ce mini ba za ta taɓa yarda ba. Ka ce ko kashe ta za a yi ba za ta cire polera ba. Yanzu ina zan sa ta? Ko wuri ban kama mata a jirgi ba."



Nube ta juya a hankali. "Me ta ce, Joaquín?"

"Zo mu yi magana a ciki."

"A nan za mu yi. Sharaɗin nan, wa ya kawo shi?"

"Nube, ki fahimce ni. Mamá ta rantse ba za ta tsaya a coci ɗaya da mahaifiyarki ba. Ke kuma na san ba za ki yarda a ce kada ta zo ba. Na rasa ta inda zan ɓullo. Sai na ce a sa sharaɗin da ita da kanta za ta ce a'a. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya ji ciwo. Mu yi aurenmu, mu dawo mu yi mata biki."

"Ka tura ni in gaya wa uwata ta tuɓe kayanta, kana jiran ta ƙi."

"Don in same ki na yi."

"Ka nuna mini lungu da gada da lambun zaitun, ka san babu kujerarta a wurin."

"Ban san za ta yanke ba. Wallahi ban sani ba. Wa zai yi zaton haka?"

"Duk wanda ya san uwa zai yi zaton haka." Muryarta ta karye. "Kai kana sayen malafunsu tun kana yaro, ba ka taɓa sanin abin da suke iya yi saboda 'ya'yansu ba? Ni ma da na sani, na yi kamar ban sani ba. Ni na miƙa hannu aka yi cinikin. Da bakina na faɗa mata."

Ya kama hannunta, hawaye yana bin kuncinsa. "A gyara. Yau ɗin nan zan saya mata wuri. Mamá, ki ce wani abu."

Doña Eulalia ta gyara wuyan rigarta. Ta riga ta dawo hayyacinta.

"Ni ban ce a yanke gashin kowa ba," ta ce. "Amma tunda an yi, alkawari alkawari ne. A nema mata wuri. Sai a sa ta tebur na baya tare da mai ɗinki, ba wanda zai tambaya."

Nube ta jira ta ji abin da Joaquín zai ce. Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa.

"Tebur ai tebur ne," ya ce a hankali. "Muhimmin abu ta je."

Nan ne Nube ta fara murza zoben da ke yatsanta.

Mama Zoila ta gani. Ta manta da takalmin, ta yi taku biyu da sauri har ta kusa faɗuwa, ta riƙe hannun 'yarta da hannayenta biyu.

"Kul. Kada ki kuskura."

"Mamita, ba ki ji abin da suka ce ba?"

"Na ji, kunnena ƙalau, yanzu ma ba abin da ya rufe shi. Tebur na baya, to sai me? A bayan gidan nan nake tsayawa shekara da shekaru in na kawo malafa, ban mutu ba. Daga baya ma ana hango amarya."

"Ba zan iya ba."

"Ni na iya zama gaban madubi ina jin almakashi yana ci, ke ba za ki iya zama gaban Fada ki ce na yarda ba? Kina son yaron nan. Na ga yadda kika rame a kansa. Abin da ya yi, tsoro ne ya sa shi, maza duka haka suke a gaban uwayensu. Gashina ya tafi, 'yata, kuma abin da aka ba Maryama ba a karɓo shi. Kada ki sa ya tafi a banza."

Nube ta durƙusa a kan duwatsun tsakar gidan ta rungume ƙafafun uwarta, tana kuka kamar ranta zai fita.

"In na aure shi, Mamita, duk ranar da na kalli wuyanki zan tuna kuɗin sadakina ke nan. In na haihu, a ƙofar baya za ki riƙa zuwa ganin jikanki. Yau gashi suka karɓa. Gobe me za su ce ki cire?"

"Ko me suka ce."

"Shi ya sa ba zan iya ba."

Ta miƙe. Zoben ya ƙi fita, sai da ta ja har fatar ta yi ja. Ta karɓi malafar daga hannun uwarta, ta jefa zoben a ciki, ta ɗora a kan bakin rijiyar da ke tsakiyar gidan.

"Malafar taka ce, Joaquín, don kai aka saƙa. Ka sa ta in ka je Toledo."

"Nube, kada ki yi mana haka. Nube tawa."

Ta ja hannun uwarta suka nufi waje, ya biyo ta har ƙofa. A can uwarsa ta kira sunansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya tsaya, ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Nube ta rage tafiya, tana sauraron takunsa har ta kai kwanar titi. Ba ta ji komai ba.

A bakin titin Wilmer yana jingine da a-kori-kura, don shi ya kawo tsohuwar daga Sígsig. Ya dubi idon Nube, ya dubi yatsanta. Ya buɗe musu ƙofa kawai.

Mama Zoila ta cire takalmin ta riƙe a cinya. Duga-duganta sun yi bororo. Da mota ta fara hawan tudu, iska mai sanyi ta shigo ta taga, ta kai hannu ka don ta danne malafa, ba ta samu komai ba. Ta kai hannu kafaɗa don ta jawo kitso gaba kamar yadda ta saba in tana tunani. Hannun ya dawo wayam.

Nube ta cire mayafinta za ta rufa mata. Tsohuwar ta ture hannun, ta juya fuska ga taga.

"Mamita, ki yi mini magana."

"Me zan ce? Na je wa Maryama da roƙo, ke kin je kin warware. Gobe Lahadi, da wane kai zan shiga coci?"

Har suka isa Sígsig ba ta ƙara cewa komai ba.

In za a yi lissafin cinikin nan, Doña Eulalia ce ta ci riba. Ɗanta yana hannunta, cocin Toledo da lambun zaitun suna nan an kama, kuma tana da ƙawaye masu 'ya'ya mata waɗanda uwayensu ba sa kitso biyu. Ta samu har da malafar da babu irinta a shagonta, kyauta. Joaquín ya so ya ci biyu, uwa da mata, ya tashi da zobe a cikin malafa. Wilmer bai samu komai ba sai hanya da ta buɗe, shi kuwa mutum ne mai haƙurin jira. Nube ta rasa wanda take so, ta kuma rasa muryar uwar da ta bar shi dominta.

Babbar asara kuwa ta Mama Zoila ce, wadda ba da ita aka yi cinikin ba. Da ranar idin Maryama ta zagayo aka fito da mutum-mutumin ana zaga gari da shi, baƙin gashi ya zubo masa har ƙugu, mata suna ta yabon kyansa. Tsohuwar tana can bayan taro da jar polera, ta ja malafa har kunne, tana bin gashinta da ido har ya sha kwana.